S-Class a titin Yamai: a saya ko a haƙura da V8?

BabanZainab:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san mota. Wani abokin kasuwancina da ke Lome ya turo mini hotunan Mercedes S-Class samfurin 2021, doguwar, baƙa, ya ce in ina so zai haɗo ta da kayan da za su taso ta Burkina. Na daɗe ina hawa Toyota Land Cruiser V8, ba ta taɓa ba ni kunya ba, amma bayana ya fara gajiya, kuma yawancin zirga-zirgata yanzu cikin Yamai ne: gida, kanti, banki, sai filin jirgi in na yi baƙi. Garinmu Tawa kuwa sai da salla ko in an yi rasuwa. Me ke cikin irin waɗannan motoci da kuɗinsu ya kai haka? Kuma za ta iya da ƙasarmu, ko kuɗina zan zubar?

Ɗan_Ader:
Wa alaikumus salam Alhaji. In dai Tawa za ka zo, bar ta Yamai ka hau V8 ɗinka. Ko da gudron ya yi kyau tun daga Dosso har Ƙonni har nan, in ka shigo gari ai ƙofar gidanku ba gudron ba ne. Rairayi ne da kwazazzabai. Motar da cikinta ka shafar ƙasa mi za ta yi muna nan?

Injiniya227:
Ranka ya daɗe Alhaji, bari in ɗauki rabin farko na tambayar, wato abin da ake biya. Mutane na ganin fata da katako da allo sai su ɗauka nan kuɗin ya tafi. Mafi yawan aikin yana ƙarƙashin mota ne, inda ido ba ya kaiwa.

Wadda aka turo maka ita ce zubin da ya fito a ƙarshen 2020, wanda ake kira W223. Doguwar ta kusa mita 5.3, nauyinta ya haura tan 2. Ba a kan sifirin ƙarfe take zaune ba, a kan balan-balan na iska take, ɗaya a kowace ƙafa. Akwai ɗan famfo da ke hura su, akwai na'urorin da ke auna tsayin motar daga ƙasa, kwamfuta kuma na ƙara iska ko ta rage yadda ya dace. Shi ya sa ko mutum huɗu suka shiga, aka cika but da kaya, bayanta ba ya sunkuyawa. In ta ɗauki gudu a babbar hanya sai ta ɗan rusuna don iska ta daina turje mata, in ka zo wuri mara kyau ka taɓa maɓalli ta ɗaga kaɗan. Tun 1998 Mercedes ke sa wannan tsari a S-Class.

Wadda ke da cikakken kaya kuma tana da kyamara a saman gilashin gaba da ke karanta hanya kafin taya ta iso. In ta hango tudu sai ta shirya ƙafafun tun kafin a hau shi. Wannan ya fara ne a zubin 2013. A sabuwar an ƙara wani abu: in radar ta ga wata mota za ta buge ka daga gefe, cikin ƙiftawar ido sai ta ɗaga jikin motar har santimita 8, don bugun ya sauka a kan ƙarfen ƙasa mai ƙarfi, ba tsakiyar ƙofa ba. Sai dai ba kowace ke da wannan ba, sai wadda mai ita na farko ya biya kuɗinsa daban. Ka tambayi abokin naka.

Oga_Gareji:
Duk abin da Injiniya ya faɗa haka yake, amma tunda mu ake kawo wa su in sun kwanta, bari in faɗi nawa. Balan-balan ɗin nan roba ce. Bajamushe ya yi ta ko Bajapane, roba ce. Zafin Afrilu da Mayu a Yamai yana wuce 40 kullum, gudron kuma ya fi iska zafi, ga ƙurar hunturu da ke shiga lanƙwasar robar tana cin ta a hankali. Ranar da ta tsage kaɗan ba za ka sani ba. Famfo zai yi ta aiki yana mayar da iskar da ke zurarewa, har shi ma ya ƙone. Sai wata safiya ka fito ka tarar mota ta durƙusa a kan tayoyinta kamar raƙumin da za a ɗora wa kaya. A lokacin ba balan kaɗai za ka saya ba, har da famfo.

Alamar farko ita ce: in mota ta kwana, da safe kafin a tayar da ita gefe ɗaya ya fi ɗaya yin ƙasa. Wanda ya lura a wannan lokacin ya tsira da kuɗi kaɗan.

Sannan ba a gyara su da kunne yadda muke yi wa Corolla. Sai an jona kwamfuta, kuma ba kowace kwamfuta ba. A wasu motocin ko batir ka canza sai an shaida wa ƙwaƙwalwar motar, in ba haka ba ta ci gaba da cajin sabon kamar tsoho ne. Masu irin wannan kayan aiki a garin nan ba su da yawa.

Sani_Katako:
Oga, to kayan gyaran fa? Akwai su a Katako ko a Ferrailles?

Oga_Gareji:
Na tsofaffin zubi ana samu, cire-ciren da ake kwasowa daga waje. Na 2021 kam sai oda: Dubai, Jamus, ko in an yi sa'a Lome. Ka shirya mota ta yi zaman jira. Shi ya sa nake cewa duk mai irin wannan mota ya kasance yana da ta biyu a gida.

Direban_Alhaji:
Salamu alaikum. Ni direba ne, kuma maigidana yana da babbar motar Turai ta wannan aji, ni ke jan ta kullum. Abin da ya fi ba ni mamaki ba kujera ba ne, juyawa ne. Tayoyin baya ma suna karkata. In kana tafiya a hankali sai su juya saɓanin na gaba, ka ga mota mai wannan tsawo ta juya a layukan bayan kasuwar Wadata inda V8 sai ta ja da baya kafin ta fita. Ran farko da na ji bayanta ya zagayo, na zaci taya ce ta zame.

Amma akwai abin da nake tsoro, Alhaji, kuma ka faɗa wa duk wanda zai ja maka ita: shirun da ke ciki. Gilashin ninki biyu ne da wani abu a tsakani, ƙofofi na da roba zagaye-zagaye, ba ka jin inji, ba ka jin iska. A hanyar Dosso za ka kai ido kan allo ka ga 150, kai kuwa a jikinka ji kake 80 kake yi. To jaki bai san wannan ba, saniya ba ta sani ba, mai amalanke da ya fito daga gona bai sani ba. Birkinta na da ƙarfi ƙwarai, amma tan biyu tan biyu ne.

Injiniya227:
Malam direba ya yi daidai. A S-Class ta yanzu tayoyin baya na karkata har digiri 10, abin da ke rage faɗin juyinta da kusan mita 2. Akwai kuma mai digiri 4.5. In gudu ya yi yawa sai su koma bin na gaba, kaɗan-kaɗan, don motar ta canza layi ba tare da wutsiya ta yi lilo ba.

Moussa_Yantala:
Ni dai S500 ta burge ni tun ina yaro. Injin V8 mai lita biyar, in aka taka ta gari ya ji. Alhaji saya kawai, kuɗi na Allah ne.

Injiniya227:
Ƙanena, wancan zamanin ya wuce. S500 ta 2021 silinda shida ce a jere, lita 3, da turbo, ƙarfin doki 435. Lambar da ke bayan motar ta daina nuna girman inji. In V8 kake so sai S580, ita ma lita 4 ce da turbo biyu. Kuma an saka musu ƙaramin injin lantarki mai bolt 48 tsakanin inji da giya, shi ke tayar da motar ba tare da girgiza ba, shi ke ɗan tura ta lokacin tashi kafin turbo ya cika. Giyar kuma tara ce, da wuya ka ji lokacin da take canzawa.

Moussa_Yantala:
Kai! Lita uku ta ja wannan ƙatuwa? Duniya ta canza.

Maman_Nafissa:
Ku maza duk kun tsaya a inji da taya. Alhaji ya ce bayansa ke ciwo, ba wanda ya tanka masa. Irin waɗannan motoci ai don na baya aka yi su, ba don direba ba. Na shiga ta mijin yayata lokacin bikin ɗiyarsu, daga Koira Kano zuwa filin jirgi. Kujerar baya ta dama tana kwanciya, ta gaba ta matsa ta sunkuya, wurin ɗora ƙafa ya fito. Akwai iska mai sanyi da ke fitowa ta ƴan hudojin fatar kujerar, wanda duk ya san yadda baya ke jiƙewa da gumi a watan Mayu ya san amfanin wannan. Tana kuma yin tausa. Kilim ɗin kowa da nasa, ni na rage nawa, yayata ta ƙara nata. Ga labule da ke tashi da kansa. Na sauka ban ji na yi tafiya ba.

In don lafiyar baya ne, Alhaji, V8 ba ta kama ƙafarta ba. V8 kan jefa mutum sama a kowane tudu, kuma hawanta ma aiki ne ga wanda shekaru suka fara ja.

Ɗan_Ader:
Hajiya, daga Koira Kano zuwa filin jirgi ai gudron ne tun daga farko har ƙarshe, wanda anka gyara lokacin taron Tarayyar Afirka na 2019. Ku ɗauke ta ku tafi Talladje ko bayan Lazaret cikin Agusta ku dawo ku ba mu labari.

Maman_Nafissa:
To Malam, shi Alhajin ya ce maka Talladje yake kwana?

Oga_Gareji:
Maganar Agusta da Ɗan_Ader ya kawo ba wasa ba ce. V8 tana da kusan santimita 23 tsakanin cikinta da ƙasa, waɗannan kuwa da kyar suke wuce rabin haka da kaɗan, ko an ɗaga su. Bakin da inji ke shaƙar iska yana ƙasa-ƙasa. In ruwa ya shiga nan, inji ya tafi. Ko bai shiga inji ba, akwai akwatunan kwamfuta a ƙarƙashin kafet da cikin but. An taɓa kawo mini wata, ba zan faɗi kamfanin ba, mai ita ya ratsa ruwan da bai kai gwiwa ba, ya isa gida lafiya lau. Bayan ƴan makonni kujera ta fara motsi da kanta, fitilu na kunnuwa da dare. Da muka ɗaga kafet, soson da ke ƙasa na jiƙe sharkaf, kan wayoyin duk sun yi kore. Kafet ɗin na da kauri, sama ya bushe, ƙasa na riƙe da ruwa.

Wannan ma ya tuna mini: Alhaji ka binciki daga ina motar ta fito. Ana sayar da motocin da ambaliya ta ci a Amurka da araha, a wanke su a turo Afirka. Ka karɓi lambar shasi mai harafi da lamba 17, a duba tarihinta a intanet.

Tsohon_Ɗan_Tiransit:
Ƙari a kan maganar Oga. Tunda aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya ta Lome suke biyowa, su ratsa Wagadugu, Kaya, Dori, su shigo ta Tera, cikin ayari da rakiyar soja. Kada ka yarda a tuƙo irin wannan mota a wannan hanya. A ɗora ta a kan babbar mota ko a bar ta cikin kwantena. Sannan kafin ka biya ko dala, je ka sa a lissafa maka kuɗin duwan. A kan darajar mota ake yankawa, kuma ta 2021 ta wannan aji ba ƙaramar daraja gare ta ba. Na ga mutane sun saya da murna, mota ta iso ta yi ta shan rana a fili don kuɗin fitarwa ya gagara.

Malam_Boukoki:
Ni abin da ke damuna daban ne. Kuɗin mota ɗaya irin wannan zai haƙa rijiyoyi nawa a ƙauyukan Ader? Mutane na fama da tsadar shinkafa, mu muna nan muna zancen kujera mai tausa.

BabanZainab:
Malam na gode da tunatarwa, Allah ya saka da alheri. Abin da ke tsakanina da ƙauyenmu ba a nan zan faɗe shi ba. Yau dai shawarar mota na zo nema.

Ɗalibi_Harobanda:
Malam_Boukoki, da girmamawa, akwai wani ɓangaren da ya shafi talaka ma. Abubuwan tsaro da yawa a irin waɗannan motoci aka fara gwada su kafin su sauko. Birkin ABS na lantarki, wanda ke hana taya kullewa, a S-Class ya fito a 1978. Jakar iska ta direba, Mercedes ta sa ta a 1981. Tsarin ESP da ke kama mota in za ta zame, 1995. Radar da ke riƙe tazara tsakaninka da na gaba, 1999. Yau ABS da jakar iska suna cikin ƙananan motocin da ake tasi da su a Yamai. Mai kuɗi ne ya biya kuɗin binciken, sauran suka samu daga baya. A zubin 2020 an sa jakar iska a bayan kujerun gaba don waɗanda ke zaune a baya, wataƙila nan da wasu shekaru ita ma ta sauko.

Malam_Boukoki:
Na ji, ɗana. Amma Bajamushe ya yi binciken, ba wanda ya sayi ta hannu a Lome ba.

Abdou_Plateau:
Hahaha Malam ya kama ka. Ni tambayata: an ce sabuwar tana tuƙa kanta, ka saki sitiyari ka yi ta danna waya. Gaskiya ne?

Injiniya227:
Rabin gaskiya ne. Akwai tsarin da ake kira Drive Pilot, hukumomin Jamus sun amince da shi a ƙarshen 2021. Da farko a manyan hanyoyin Jamus kaɗai yake aiki, cikin cunkoso, gudu bai wuce kilomita 60 ba, daga baya aka ɗaga zuwa 95. Yana bukatar taswira ta musamman, layukan hanya da aka zana tsaf, da yanayi mai kyau. A Nijar ba zai kunnu ba ko motar na da shi. Abin da za ka samu shi ne riƙe tazara, riƙe layi in akwai layin, da birki na gaggawa.

Direban_Alhaji:
Wannan birkin gaggawa da ƙarar gargaɗi, a cikin gari sai haƙuri. A shataletalen da ƴan kabu-kabu ke kutsowa ta hagu da dama, mota ba ta daina kuka. Ita a lissafinta duk abin da ya matso da rabin mita haɗari ne, mu kuwa a nan rabin mita fili ne. Wata rana mai turin baro ya gifta ta gabana, na gan shi sarai, na san zai wuce, amma ta danne birki da kanta har maigida ya zubar da shayi. Na rage ƙarfin gargaɗin a cikin allo, amma ban kashe birkin ba, don da dare a babbar hanya yana iya ganin abin da ban gani ba. Kuma lokacin hazo sai na riƙa goge idanun kyamara da na radar kowace safiya, in ba haka ba allo ya cika da saƙonni.

Wani abu kuma: tayoyi. Ƙafa inci 20, robar siririya. Rami ɗaya mai kaifi, taya ta kumbura a gefe ko ƙafar ta lanƙwashe. Yawancinsu ba su zuwa da safaya. In ka samu mai inci 18 ko 19, ita ta fi dacewa da mu ko ba ta kai kyau ba.

Issa_Lexus:
Duk wannan wahala ta me? Alhaji, nemi Lexus LS. Toyota ce ta yi ta, tun 1989 da LS 400 ta fito ta girgiza Jamusawa da shiru da ƙarko. Kayan gyaranta na Toyota ne, kowane gareji zai taɓa ta.

Oga_Gareji:
Issa, rabi da rabi. Ƙarko kam akwai, ban musa ba. LS 460 ta 2006 mai V8 lita 4.6, wadda ta fara zuwa da giya takwas a duniya, mota ce mai haƙuri. Kuma abin da na fi so: ana samun LS mai sifirin ƙarfe, ba dole sai mai iska ba. Wannan kaɗai ya cire rabin abin da na faɗa a sama. Amma cewa kayanta na Toyota ne kowa zai taɓa, a'a. Filta da buji wataƙila. Hannayen ƙafar gaba, fitila, gilashi, su ma oda ne. LS 500 ta 2017 kuma V6 ce mai turbo biyu da giya goma, ta shiga sahun masu son kwamfuta.

Ɗan_Ader:
Kun mance da babban abu: mai. Nan wajenmu in ka bar gari, sau da yawa ruwa-ruwa na kwalba za ka samu bakin hanya. V8 ta sha ta wuce. Wannan fa?

Injiniya227:
Wannan ba ta sha. Injinan na son esansi mai lamba 95 zuwa sama, kuma suna fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani ta hudoji ƙanana ƙwarai. Ɗan ruwa ko ƙasa a cikin mai ya isa ya lalata su. In lambar man ta yi ƙasa, kwamfuta za ta ja da baya don kare inji, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne, in ka cika tanki a gidan mai na kirki kana iya isa, sai ka san inda za ka sha na dawowa.

In kuma mai gazuwal ce ta Turai, matsalar ta ninka. Tana da matatar hayaƙi a salansa da ke toshewa in gazuwal na da sulfa da yawa ko in kullum gajeriyar tafiya ake yi cikin gari. Tana kuma shan wani ruwa da ake kira AdBlue, in ya ƙare mota ba za ta sake tashi ba, haka aka tsara ta. Alhaji, wace ce aka turo maka, esansi ko gazuwal?

BabanZainab:
A hoto S500 aka rubuta a baya. Ke nan esansi ce ko?

Injiniya227:
In rubutun na gaskiya ne, esansi ce. Amma harafin baya ana sayensa a manna. Lambar shasi ce ba ta ƙarya.

Abdou_Plateau:
Tunda maganar mai ce, me zai hana a tsallake zuwa lantarki? BMW i7 ta 2022. Ta fi S-Class tsawo, kusan mita 5.4, ƙofofi na buɗe kansu, akwai allo inci 31 da ke saukowa daga rufi don na baya. Ba bidanj, ba buji, ba ruwa-ruwa.

Ɗalibi_Harobanda:
Yaya Abdou, batirinta ya haura kilowat-awa 100. Da cajar bango mai kilowat 11 kusan awa goma ne. Da soket ɗin gida na yau da kullum ya wuce awa 40. Ka haɗa wannan da yadda wuta ke yi mana lokacin zafi. Sai dai mai babban sola a gida, kuma ko shi cikin gari kawai, don ban ga inda zai yi caji a Dogonduci ba.

Abdou_Plateau:
Ai Alhaji ya ce cikin gari yake yawo. Wanda ke yin kilomita 30 a rana caji ɗaya zai kai shi mako da ɗoriya.

Mai_Fenti_Gamkalle:
Ba wanda ya yi maganar jiki. Ni aikina gyaran jiki da fenti. Motocin nan yawancin jikinsu alminiyom ne. Audi A8 ce ta shahara da haka tun 1994, S-Class ta yanzu ma fiye da rabin jikinta shi ne. Alminiyom ba ya komawa da guduma yadda ƙarfe ke yi, in ka matsa masa sai ya tsage, kuma waldarsa daban ce. In kabu-kabu ya daki ƙofa, sau da yawa sai dai a canza ƙofar. Bamba kuma cike take da idanun na'ura, in ka cire ka mayar sai an sake saita su. Fitilar gaba ɗaya kuwa, irin mai ƙananan madubai fiye da miliyan a ciki, kada ma a tambayi kuɗinta. Ka yi inshora cikakkiya, Alhaji, ba ta nuna wa ɗan sanda ba.

Baƙar kuma, a ranar Yamai, in ba ka da rumfa a gida da kanti, fenti da fatar kujera ba za su yi shekara da yawa ba.

Maman_Nafissa:
Ikon Allah. In aka bi ta taku ba wanda zai hau komai sai jaki. Ai ina ganinsu a Plateau suna yawo lafiya.

Oga_Gareji:
Hajiya, waɗanda kike gani su ne masu tafiya. Sauran suna bayan garejinmu an lulluɓe su da tampol. Ban ce kada ya saya ba. Na ce wanda zai riƙe ta ya yi bidanj kafin lokacin da littafi ya faɗa, don littafin ba a ƙurarmu aka rubuta shi ba, ya canza filtar iska da ta kilim akai-akai, ya sha mai wuri ɗaya, ya ajiye kuɗin gyara gefe tun ranar saye. Mai yin haka zai ji daɗinta.

Ɗan_Ader:
Kuma kada ya saida V8.

Issa_Lexus:
Ni har yanzu LS nake cewa. Ko Genesis G90 ta Koriya, na ga ana yabonta, sai dai ban san wanda zai gyara ta a nan ba.

BabanZainab:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. V8 kam ba zan sayar ba, Ɗan_Ader ka kwantar da hankalinka, da ita zan zo salla. Na aika wa abokina ya turo lambar shasi da girman ƙafafun. Oga_Gareji, in na tura yaro Lome ya gan ta da ido, me zai fara dubawa?

Oga_Gareji:
Ya je da sassafe ba tare da ya faɗa musu lokaci ba, kafin kowa ya tayar da ita. Ya ɗauki hoton ɓangarorin huɗu daga ƙasa, a ga tazarar kowace taya da jiki. Ya cusa hannu ƙarƙashin kafet ta gaba da ta but, ya shinshina. In an kunna, ya ɗauki bidiyon allo tun daga farko har fitilun gargaɗi su mutu. Ya ɗaga ta ya sauke da maɓalli yana sauraron famfo. Ka turo mini in gani. Kuma ya tambaya ko makulli biyu ne, don yin na biyu a nan wani dogon zance ne.

Moussa_Yantala:
Oga, ta 2008 fa? Akwai wata da ake sayarwa a unguwarmu da arha, an ce famfo kawai take so.